Tambayoyi da Amsoshi a kan Naɗa Cok na Eriya da Waya Mai Sulke

Tun da na kafa eriya a bayan gidanmu da ke Tudun Wada, babu abin da baƙi suka fi tambayata a kansa kamar baƙar wayar nan da ke naɗe a jikin fayif, can sama daidai tsakiyar eriyar. Ɗalibai masu karatun lantarki daga Samaru suna tambaya, masu gyaran rediyo na Sabon Gari su ma suna tambaya, kuma kusan kullum tambayoyin iri ɗaya ne. Shi ya sa na tattara su wuri guda tare da amsoshinsu, domin amfanin masu rediyon sha'awa, wato masu aikawa da karɓar saƙo ta rediyo don sha'awa, da masu niyyar shiga wannan harka a Zariya da kewaye.

Mene ne cok, kuma me ya haɗa shi da eriya?

Duk wanda ya taɓa gyara doguwar fitilar nan ta da ya san cok, wato wannan ƙaramin akwatin ƙarfe mai nauyi da ke ƙunshe da naɗin waya, wanda aikinsa shi ne taƙaita wutar da ke ratsa fitilar. Cok ɗin eriya ɗan'uwansa ne a wajen aiki, sai dai shi ba wutar gida yake tarewa ba, wutar rediyo yake shaƙewa, wadda ke ƙoƙarin gangarowa ta bayan wayar eriya zuwa ɗakin da na'urar rediyo take. Ana yin sa ne da ita kanta wayar eriyar, a naɗe ta zagaye kaɗan a jikin fayif ɗin roba, ba tare da an yanke ta ko an ƙara mata wani abu ba. Wayar da ake nufi ita ce wadda ake kira kowaks, mai zuciyar tagulla a tsakiya, da farar roba a kewaye, sannan saƙaƙƙen ƙarfe ya lulluɓe su. Ni waya mai sulke nake kiranta, domin wannan saƙar ba ta da maraba da sulken da mahaya ke sawa ranar hawan salla a ƙofar fadar Zazzau.

Waya mai layi biyu ce, to ta ina wata wuta ta uku ke bi?

Nan ne asalin maganar take, kuma wanda ya fahimce ta ya fahimci sauran duka. Wutar rediyo ba ta shiga cikin jikin ƙarfe kamar yadda wutar batir ke yi, a fatar ƙarfen take tafiya. A megahaz 7, wato wutar da ke kai da komo sau miliyan 7 a daƙiƙa, zurfin da take shiga cikin tagulla bai wuce kashi 1 cikin 40 na milimita ba. Saboda haka sulken waya, duk da cewa ƙarfe ɗaya ne a ido, a wajen wutar rediyo hanyoyi biyu ne da ba su san juna ba: akwai fuskarsa ta ciki, akwai kuma fuskarsa ta waje. Siginar da na'ura ta aika tana tafiya tsakanin zuciyar waya da fuskar sulke ta ciki, a rufe, ba ta fita. Amma idan ta isa can sama inda sulken ya ƙare aka haɗa shi da hannu ɗaya na eriya, sai wutar ta tarar da hanyoyi biyu a gabanta. Wani kaso ya bi hannun eriyar kamar yadda ake so, wani kaso kuma ya juyo ya biyo fuskar sulke ta waje ya gangaro ƙasa.

Daga wannan lokaci wayar da aka saya domin ta kai sigina ta zama wani ɓangare na eriyar, tana watsawa, tana kuma ɗauka. Eriya mai hannu biyu, wadda ake kira dayifol, tana son wutar da ke hannun dama ta yi daidai da ta hagu, ita kuwa waya mai sulke gefenta ɗaya a haɗe yake da jikin na'ura. Cok shi ne ke shiga tsakani, ya toshe waccan hanya ta uku, don haka wutar ba ta da zaɓi sai ta rabu daidai. Saboda wannan aiki ne ake kuma kiransa balan, wato mai daidaita wutar hannayen biyu.

Yaya zan gane cewa eriyata tana bukatarsa?

Alama ta farko ita ce cizon wuta. Mutum yana magana, leɓensa ya taɓa ƙarfen makirfo, sai ya ji zafi kamar an ɗana masa allura. Ta biyu ita ce kayan gida su fara rikicewa duk lokacin da aka danna maɓallin aikawa: sifika ta riƙa gurnani, kwamfuta ta sandare, hoton talabijin na maƙwabci ya riƙa tsalle. Ta uku, wadda ta fi tabbas, ita ce ma'aunin SWR, wato ma'aunin wutar da ke dawowa daga eriya, ya riƙa sauyawa idan an kama wayar da hannu, ko an matsar da ita, ko an ƙara mata tsawon mita ɗaya ko biyu. Eriyar da ke lafiya ba ta damuwa da inda wayarta ta kwanta.

Akwai alama ta huɗu da mutane ba su cika danganta ta da wannan matsala ba, alhali a Zariya ita ta fi addabar mu, wato hayaniya a wajen sauraro. Yau gidaje da yawa suna da inbata, da na'urar cajin batir ta sola, da cajojin waya masu araha, da ƙwayayen fitila na zamani, kuma dukansu suna zubar da ƙarar lantarki a cikin wayoyin gida. Wannan ƙara tana hawa bayan sulke, ta haura har tsakiyar eriya, sannan ta shigo ta ciki kamar halattacciyar sigina. Hanyar da wuta ke gangarowa ita ce dai hanyar da hayaniya ke haurawa, kuma cok ɗaya ne ke toshe su duka biyu.

Naɗin ba zai rage ƙarfin siginar da nake aikawa ba?

Ba zai rage ba. Siginar da ke cikin waya ba ta san an naɗe wayar ba, domin wutar zuciya da ta fuskar sulke ta ciki suna tafiya ne a kishiyar juna, ƙarfin maganaɗisunsu yana kashe juna. Wutar waje kaɗai ce ke ganin naɗin a matsayin shinge. Asarar da ake yi ita ce ta ƙarin tsawon waya kawai, kuma mita 4 ko 5 na RG-58 a megahaz 14 ba sa cin fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na desibel, wato ma'aunin ƙaruwa ko raguwar sigina, abin da kunne ba ya iya ji.

Wace irin waya ta dace?

Na'urorin rediyon sha'awa an gina su ne a kan om 50 (om shi ne ma'aunin turjiya, wato yadda abu ke tare wuta), don haka wayoyin da aka saba da su su ne RG-58, mai kaurin kusan milimita 5, da RG-213, mai kaurin milimita 10 da ɗan ɗoriya. Dukansu farar robar cikinsu daskararriya ce, kuma wannan shi ne abin da ya kamata a fara dubawa. Akwai wayoyi, irin su RG-8X, da farar robarsu mai kumfa ce kamar soso. Idan aka lanƙwasa irin wannan waya sosai, aka bar ta a ranar bazara ta watan Maris da Afrilu lokacin da zafi ke kusantar digiri 40 a inuwa, sai robar ta yi laushi, zuciyar ta riƙa matsowa sannu a hankali zuwa gefe guda, har wata rana ta kusanci sulke ko ta taɓa shi. Daga waje ba za a ga komai ba, sai dai ma'auni ya nuna cewa eriya ta lalace.

Wayar da ta fi yawa a kasuwanninmu ita ce RG-6, wadda ake haɗa dish da ita. Om 75 ce, robar cikinta mai kumfa ce, kuma galibi sulkenta na alminiyom ne. Ban hana amfani da ita ba, musamman ga mai sauraro kawai, ko mai dayifol da ƙaramar wuta, tunda dayifol mai rabin zango (zango shi ne tsawon igiyar rediyo guda, ana auna shi da mita) da aka rataye a sama sosai turjiyarsa kusan om 73 ce. Amma a sani cewa alminiyom ba ya kama dalma. Na taɓa sayen waya a wani shago, an rubuta RG-58 a jikinta da manyan baƙaƙe, da na fere ta a gida sai na tarar da sulken 'yan zare ne tsiraru masu launin tagulla, ana hango farar roba ta tsakaninsu. Na ɗora ƙarfen dalma, dalmar ta dunƙule ta gangara kamar ruwa a kan ganyen gwaza, domin alminiyom ne aka shafa wa launi. Tun daga ranar ba na biyan kuɗi sai na sa an fere mini bakin waya a gabana. Sulke mai kyau a cike yake, ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsa, kuma idan an kankare zare ɗaya da reza launinsa ba ya komawa fari.

A jikin me ake naɗawa?

Fayif ɗin roba na inci 4, irin wanda masu aikin famfo ke sa wa magudanar banɗaki, shi ne ya fi sauƙin samu, kuma faɗinsa daga waje kusan santimita 11 ne. Guntun da bai wuce santimita 20 zuwa 25 ba ya isa, irin wanda ake zubarwa a wuraren gini. Kada a yi amfani da ƙarfe ko gwangwani, domin ƙarfe a cikin naɗi yana zama kamar zagaye ɗaya da aka gajarce, ya kashe aikin cok ɗin. RG-213 ba ta son a lanƙwasa ta a kan abin da bai kai inci 4 ba. RG-58 tana jure har inci 2.

Zagaye nawa ake yi?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma amsar da ta fi yawo a intanet, wato a naɗe ƙafa 18 zuwa 21 na waya a samu cok mai aiki daga zangon mita 160 har na mita 10, ita ce ta fi ɓatar da mutane. Babu naɗin da ba shi da komai a cikinsa sai iska da zai iya rufe wannan faɗi gaba ɗaya. Yawan zagaye ya dogara ne da zangon da za a yi aiki a kai.

A kan fayif na inci 4 da RG-58, kowane zagaye yana cin kusan santimita 36 na waya. Ga inda nake ba da shawara a fara: zagaye 5 domin mita 10, wato megahaz 28 zuwa 29.7; zagaye 6 domin mita 15, wato megahaz 21; zagaye 10 domin mita 20, wato megahaz 14 zuwa 14.35, sai zagaye 18 zuwa 20 domin mita 40, wato megahaz 7 zuwa 7.2. Na ce inda za a fara, domin kaurin rigar waya da irin robar fayif suna matsar da sakamakon, kuma ma'auni ne zai yanke hukunci. Ga mita 2 kuwa, wato megahaz 144 zuwa 146, zagaye 3 ko 4 a kan fayif na inci 2 sun wadatar. A mita 80 naɗin yana yin girma da nauyi har ya rinjayi eriya, don haka a can gara a nemi wata hanya, wadda zan zo kanta.

Mai son lissafi zai iya amfani da ƙa'idar da injiniya Harold Wheeler ya fitar a 1928. Idan an auna da santimita, a ninka faɗin naɗi da kansa, a ninka yawan zagaye da kansa, a ninka sakamakon biyu da juna, sannan a raba da jimillar faɗi sau 46 da tsawon naɗi sau 102. Zagaye 10 masu faɗin santimita 11.5 da tsawon santimita 5 suna ba da kusan maikrohenri 13, wanda shi ne ma'aunin ƙarfin naɗi. Idan aka ninka wannan da 6.28, aka kuma ninka da megahaz 14.2, za a samu turjiya ta sama da om 1,100, kuma a zahiri takan zarce haka saboda dalilin da ke tafe.

Me zai hana in yawaita zagayen don in huta?

Domin tsakanin kowane zagaye da maƙwabcinsa akwai wata 'yar kafasita, wato ma'ajiyar caji, da ba a gani, wadda ke samuwa duk inda ƙarafa biyu suka kusanci juna. Naɗin da wannan kafasita suna haɗuwa su yi wata ƙololuwa a wani zango guda, inda turjiyar cok ke tashi zuwa om dubbai masu yawa. Ƙasa da ƙololuwar turjiyar tana raguwa, sama da ita kuma wutar tana tsallake naɗin ta cikin kafasitar kamar babu shi. Ƙarin zagaye yana saukar da ƙololuwar ne zuwa ƙasa. Saboda haka cok mai zagaye 20 da ke aiki sosai a mita 40 kusan ba shi da amfani a mita 10. Abin da ake nema shi ne ƙololuwar ta faɗo a kan zangon aiki ko ɗan sama da shi kaɗan.

Akwai wani abu da ya fi wannan muhimmanci. Turjiya iri biyu ce: akwai mai cinye wuta ta mayar da ita zafi, akwai mai karɓar ajiya ta mayar. Turjiyar naɗin iska kusan duka ta ajiya ce. Ita ma fuskar sulke ta waje tana da tata turjiyar ta ajiya, wadda ta dogara da tsawon wayar, kuma tana iya zama kishiyar ta cok ɗin. Idan suka zo daidai, sai su kashe juna, wutar waje ta ƙaru fiye da yadda take kafin a sa cok. Wani Baturen Ingila mai suna Steve Hunt, mai alamar kira G3TXQ, wato lambar da ake gane shi da ita a rediyo, ya auna coka-cokai masu yawa ya nuna wannan a fili. Ba kullum hakan ke faruwa ba, amma shi ne dalilin da ya sa wani zai naɗa cok ya ga sauƙi, wani ya naɗa irinsa ya ga abin ya ƙara muni, su yi ta gardama alhali kowannensu gaskiya ya faɗa.

Yaya ake naɗin?

A huda ramuka biyu ƙanana kusa da bakin fayif, a zura abin ɗauri na roba ta cikinsu, a ɗaure wayar da kyau, tare da barin jelar da za ta isa eriya, wadda bai kamata ta wuce santimita 15 zuwa 20 ba. Daga nan a riƙa juya fayif ɗin, ba wayar ba, domin kada ta murɗe. Babban yatsa ya riƙa danne kowane zagaye a jikin na gabansa, layi ɗaya, babu mai hawa kan wani. Idan an cika adadin, a huda wasu ramuka biyu a ɗaure ƙarshen. Ɗaurin ya riƙe waya ba tare da ya nutse cikin rigarta ba, domin matsa ta da yawa yana sauya tazarar da ke tsakanin zuciya da sulke. Na fi son yin wannan aiki da hantsi bayan na shanya wayar a rana na ɗan lokaci, saboda da sanyin hunturu RG-213 tana yin tauri kamar sandar rake, ba ta kwanciya a jikin fayif.

Abin ɗaurin ya zama baƙi. Farin yana bushewa a rana ya karye cikin 'yan watanni. Wanda bai samu baƙi ba ya yi amfani da igiyar nailan, ya lulluɓe ta da baƙin tef.

Idan na dunƙule wayar kamar yadda ake naɗe igiyar guga fa?

Yana ɗan aiki, amma ba a san inda ƙololuwarsa za ta faɗa ba. A dunƙule, zagayen farko yakan kwanta a jikin na ƙarshe, kafasitar ta ƙaru, ƙololuwar ta sauka ƙasa sosai, ƙarfinta kuma ya ragu. Na ɗan lokaci ne, ba na zama ba.

A ina ake sa shi?

A daidai inda waya ta haɗu da eriya, domin nan ne wutar ke samun hanyar juyowa. A dayifol, cok ɗin yana rataye ne ƙarƙashin tsakiya, kuma nauyinsa ya kasance a kan igiya ko sandar da ke riƙe da eriya, ba a kan mahaɗin waya ba. Daga nan wayar ta sauko a miƙe, nesa da hannayen eriyar gwargwadon iko, domin idan ta bi gefen hannu ɗaya za ta sake ɗaukar wuta ta iska a ƙasan cok ɗin. A eriya ta tsaye, a sa shi a gindi amma a ɗaga shi daga ƙasa. A eriyar da ake ciyarwa daga ƙarshe, wadda ke amfani da ɗan guntun sulke a matsayin ɗaya hannunta, a bar tazarar kusan kashi 1 cikin 20 na zango kafin cok, wato kimanin mita 2 ga mai aiki a mita 40.

A nisanta shi da ƙarfe. Yawancin gidajenmu rufin kwano ne, kuma cok da aka kwantar a kan kwano ko aka manna a jikin sandar ƙarfe ya tashi daga aiki, domin ƙololuwarsa ta koma wani wuri. Tazarar da ta kai faɗin fayif ɗin sau biyu ta fi aminci. Mai fama da hayaniyar inbata zai amfana da cok na biyu a inda waya ke shiga ɗaki.

Ta yaya zan tabbatar yana aiki?

Ma'aunin SWR ba ya auna cok, kuma nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. Gwaji mafi sauƙi shi ne wanda na ambata a baya: da ƙaramar wuta, a kama wayar a wurare daban-daban, a ƙara mata tsawo, a duba ko ma'aunin ya motsa. Idan ya tsaya cak, alama ce mai kyau.

Gwaji na sosai yana bukatar 'yar na'urar nan mai suna NanoVNA, wadda ba ta fi tafin hannu ba. Bayan an daidaita ta, a haɗa sulken gefe ɗaya na cok da tsakiyar ƙofarta ta farko, sulken ɗaya gefen da tsakiyar ƙofa ta biyu, a bar zuciyar waya ba a haɗe da komai ba. A ɗora cok ɗin a kan kwali ko kujerar roba, wayoyin haɗin su zama gajeru. Allon zai nuna yawan abin da cok ya rage. Ragin desibel 20 yana nufin kusan om 900 zuwa 1,000, ragin desibel 30 kuma kusan om 3,000. Inda layin ya fi nutsewa nan ne ƙololuwa. Idan ta faɗi ƙasa da zangon aiki a warware zagaye ɗaya, idan ta yi sama da yawa a ƙara ɗaya. Ga dayifol na yau da kullum da wat 100, om 1,000 shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi. Jim Brown na Amurka, mai alamar K9YC, wanda ya daɗe yana bincike a kan wannan, yana ba da shawarar om 5,000 ga mai babbar wuta ko mai yaƙi da hayaniya.

Na'ura ɗaya ta ishi mutane da yawa, kuma ina ganin ya dace ɗaliban lantarki na Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli masu sha'awar abin su haɗa kuɗi su mallaki guda.

Shin zoben ferayit bai fi ba?

Ga mai aiki a zanguna da yawa da eriya ɗaya, ya fi nesa ba kusa ba. Ferayit wani baƙin abu ne mai kama da dutse, wanda ake yi da garin tsatsar ƙarfe da wasu ma'adanai, kuma turjiyar da yake bayarwa galibi mai cinyewa ce, wadda tsawon waya ba ya iya kashewa. Tunanin irin wannan balan ya samo asali ne daga aikin Gustav Guanella na Suwizalan a 1944. Joe Reisert, W1JR, ya yaɗa naɗa kowaks a jikin zobe a 1978, sannan Walter Maxwell, W2DU, ya fito da zura ƙananan zobba a jikin waya kamar yadda ake zura duwatsun ado a zare a 1983. Zoben da aka fi amfani da shi a yau shi ne FT240, mai faɗin inci 2.4, na haɗin ferayit mai lamba 31 domin zanguna masu ƙarancin megahaz ko lamba 43 domin masu yawan megahaz. Zagaye 10 zuwa 12 na RG-58 a jikinsa suna rufe zanguna da dama a lokaci guda.

Matsalarsa a wurinmu ita ce samu, domin sai an yi odarsa daga waje, kuma zobban da ake cirowa daga tsofaffin inbata da akwatin wutar kwamfuta ba a san haɗinsu ba. Masu launin rawaya da fari garin ƙarfe ne, ba su dace da wannan aiki ba. Ra'ayina shi ne mai eriyar zango ɗaya ya naɗa a fayif, ya auna, hankalinsa kwance. Mai eriyar zanguna da yawa ko mai mita 80 ya jure ya nemi zobe.

Wuta nawa yake ɗauka?

Gwargwadon abin da wayar kanta ke ɗauka. RG-58 ta ishi wat 100 a gajeren zango, RG-213 kuma tana ɗaukar kilowat. Wannan yana cikin falalar naɗin iska, domin babu zoben da zai yi zafi ya tsage.

Zai gyara mini SWR?

Ba aikinsa ba ne. Cok ba ya sauya turjiyar eriya. Wani lokaci ma SWR yakan ƙaru bayan an sa shi, kuma wannan ba laifinsa ba ne, gaskiyar eriyar ce ta bayyana bayan an cire gudummawar da waya ke bayarwa a ɓoye. Sai a koma kan tsawon eriyar. A raba 143 da megahaz ɗin da ake so, a samu tsawon dayifol da mita: kusan mita 20 domin megahaz 7.1, kusan mita 10 domin megahaz 14.2. A yanke shi da ɗan rara, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan daga hannayen biyu daidai wa daida.

Yaya zai jure damina da hunturu?

Babban abokin gaba shi ne ruwa a cikin sulke. Saƙar tana tsotse ruwa kamar lagwani, kuma mahaɗin PL-259 da aka fi amfani da shi ba ya hana ruwa shiga. Wata shekara na bar bakin waya a buɗe yana kallon sama, ruwan watan Agusta ya yi ta sauka a kansa. Da kaka na ga sigina ta yi rauni, na sauke cok ɗin na fere shi, sai na tarar da sulken ya yi baƙi ƙirin har zagaye na huɗu, wani wurin kuma kore kamar gansakuka. Wayar da ta kai wannan hali ba ta gyaruwa, sai yankewa. Yanzu ina lanƙwasa bakin waya ya kalli ƙasa, in naɗe shi da tef ɗin roba mai narkewa a jikin kansa, sannan in bi da baƙin tef domin kare shi daga rana.

Idan an rufe bakunan fayif, a bar ƙaramin rami a ƙasa domin raɓa ta fita. Idan an bar shi a buɗe, a riƙa leƙawa, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a ciki, kuma jiƙaƙƙiyar laka tana matsar da ƙololuwa. Ƙurar hunturu da ta taru tsakanin zagaye ita ma haka take yi da zarar ruwan farko ya jiƙa ta, don haka a goge cok ɗin kafin damina ta kankama.

Ni sauraro kawai nake yi, ba ni da lasisi. Zai amfane ni?

Ƙwarai kuwa. Mai kama tashoshin gajeren zango da eriyar waje zai ji bambanci a wajen hayaniya, kuma naɗa cok ko sauraro ba sa bukatar izini. Aikawa ce ke bukatar lasisi daga hukumomin sadarwa na tarayya, inda ake ba mutum alamar kira mai farawa da 5N, wadda ita ce ta Najeriya.

Yana kare na'ura daga tsawa?

Ko kaɗan. Wutar da ta tsallako tazarar kilomitoci daga gajimare zuwa ƙasa ba za ta tsaya saboda zagaye goma na waya ba, kuma kowa ya san irin tsawar da ke rako hadarin farkon damina a watan Mayu da na ƙarshenta a Satumba da Oktoba. Kariyar tsawa aiki ne dabam: a kafa sandar ƙarfe mai rufin tagulla cikin ƙasa a wajen ɗaki, a haɗa sulken waya da ita da kakkaurar waya gajeriya kafin ta shiga gida. Da an ga gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa ƙofofi, a kashe na'ura, a cire wayar eriya daga jikinta, a fitar da bakin wayar waje nesa da inda mutane ke zama, kuma kada a taɓa ta sai hadarin ya wuce. Ko da hunturu ma, busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a jikin doguwar eriya har a ji mahaɗi yana ƙyas-ƙyas cikin dare, don haka duk lokacin da ba a aiki da rediyo a bar wayar a cire, a haɗe zuciyarta da sulkenta zuwa sandar ƙasa.